Yaye Biyu Kafin Famfara

A ƙirjin rigarsa aka maƙale takardar da fil, don kada ta faɗi a hanya. Na tsakiyan 'ya'yana ne, shekararsa huɗu da 'yan watanni, ya shigo gida yana tura ƙirji kamar wanda aka yi wa naɗin sarauta. Na cire na karanta. Makarantarsu ta nazare ce ke sanar da iyaye cewa za a yi bikin yaye ɗalibai a ƙarshen zango. Kowane yaro zai biya kuɗin doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, da na hoto, da na abinci, da wani abu wai shi kuɗin kwalliyar wuri. Da na haɗa lissafi sai na ga ya tasam ma rabin buhun taki, ga shi kuma watan Yuli ne, masara na jiran taki na biyu.

Hajiya, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Ta ce a faɗa mata abin da takardar ta ƙunsa. Da ta ji sai ta ajiye faifan.

"Yaye kuma? Wane irin yaye? Ba ni na yaye shi ba?" Ta jawo yaron jikinta. "Kai angona, kwana nawa ka yi a ɗakina kana tsala kuka, ina lallaɓa ka da kunu? Yanzu wa ke ba ka nono a makarantar, da za a sake yaye ka?"

Muka yi dariya, kuma na biya. Uwargida ta riga ta gaya mini duk yaran layinmu za su sa rigar, ba za a ga nata a rakuɓe ba. Ranar bikin aka kafa rumfa, aka kunna lasifika har kunne na ƙaiƙayi. Rabin masu yayen sun yi barci a kan kujerun roba kafin babban baƙo ya iso. Nawa ya miƙe ya jero haruffan Turanci tun daga farko har ƙarshe, hular ta zamo ta rufe masa ido, aka tafa. Na duba rumfar iyaye: mata ne cike, sun ci ado. Mu maza ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, mu ɗin ma kowa kansa na kan waya.

Ba ni da rigima da makarantar nazare. Uwa mai aikin asibiti ko koyarwa ko sana'ar gida tana buƙatar wurin da za ta bar ɗanta hankalinta kwance, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara kafin firamare cikin abin da ya rataya a wuyan hukuma. Antin da ke yini da yara talatin, tana share majina tana raba faɗa, a kan albashin da bai kai ta tsakiyar wata ba, ta cancanci addu'a. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauki ma'aunin girman yaro kacokan mun miƙa wa makaranta, ita kuma ta mayar mana da shi a kwali mai kintinkiri. Mun biya, mun ɗauki hoto, mun sa a Facebook, mun ji a ranmu cewa mun sauke nauyi. Har wasu jihohin, irin su Imo a 2025, sai da suka hana irin wannan biki a matakin nazare saboda ɗawainiyar da yake ɗora wa iyaye. A nan kuwa ko an hana, ina zaton mu iyayen ne za mu fara zuwa roƙon a dawo da shi.

Bahaushe ai yana da nasa matakan tun kafin a zo da hula mai kusurwa huɗu. Ran suna, aski, zaman fari, rarrafe, haƙori da zawon da ake ɗora masa laifi, tatata, yaye, sannan ranar da za a riƙe hannun yaro a kai shi gaban malam da sabon allo. Can gaba ga famfara, ga kaciya a lokacin sanyi, ga ranar da za a fara aikensa shago shi kaɗai ya dawo da canji daidai. Ba a ba da takardar shaida a ko ɗaya cikinsu. Wanda ke kusa da yaron ne kawai yake gani, shi ya sa kaka za ta iya gaya maka a wane daren jikanta ya fara taka ƙasa, da abin da aka dafa a gidan ranar.

Ni kuwa sai da muka yi tafiyar Kano na gane nisan da ke tsakanina da nawa.

Da kaka ne, bayan na sayar da 'yan buhunan masara. Babban, wanda muke kira Abba domin sunan mahaifina gare shi, ya shekara yana yi mini nacin gidan zu, tun da wani ɗan ajinsu ya je da Sallah ya dawo yana cika musu baki. Muka yi asubanci ranar Asabar, ni da uwarsu da su uku, a motar da na aro wurin abokina. Daga Funtua muka bi ta Bakori zuwa Malumfashi, muka karya a Dayi muka ɗauki hanyar Gwarzo. Hazon farko ya sauka, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina ka duba mutane ne a gona.

Ba mu kai Malumfashi ba na tsakiyan ya manna fuska a gilashi ya ce, "Baba, wa ya zubar da audugar asibiti a cikin ciyawa?"

Uwarsu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni dariyar ba ta zo mini ba. Yaron nan a Funtua aka binne cibiyarsa. Garin da auduga ta raya, wanda jirgin ƙasa ya iso shi a ƙarshen shekarun 1920 yana kwasar ta, wanda har yau akwai unguwar da ke amsa sunan kamfanin Turawan gurzar auduga, BCGA, wanda masaƙarsa ta ciyar da gidaje ba iyaka. Kakansa da kuɗin auduga ya yi aure, da su ya sayi keken da ya riƙa goya ni. Jikan kuwa bai taɓa ganin ta ba sai a hannun mai kemis, ranar da ya fasa gwiwa. Na tsayar da mota a gefen titi, muka yi wa mai gonar sallama, ya tsinko masa guda ya ba shi. Yaron ya juya ta, ya matsa, ya ji ƙwaya a ciki, ya dube ni kamar na yi masa siddabaru. Ya cusa ta a aljihu.

Daga nan na fara yi musu jarrabawa ta taga. Abba, mai shekara takwas, ya san masara. Dawa da gero kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Waken suya ya ce gyaɗa ce. Wannan fa ɗan manomi ne, jikan manomi, wanda kuɗin makarantarsa daga waɗannan gonakin yake fitowa. Ya san aful ne ke tafiya da harafin farko, alhali bai taɓa ganin bishiyarsa ba, amma kaɗanya da ɗorawa da muka wuce ɗaruruwansu, duk sunansu bishiya.

Muka shiga Kano ta Kabuga da hantsi. Gidan zu ɗin tun zamanin Gwamna Audu Bako yake, farkon shekarun 1970, kuma sunansa yake amsawa. A da bayan gari ne. Yanzu gari ya zagaye shi, titin da ke gabansa ya zama kasuwa, sai ka shiga ka ji inuwar manyan itatuwa ta rufe ka kamar ba a tsakiyar Kano kake ba. Abba yana shiga ya ce shi goggon birin da ya haɗiye kuɗi yake son gani. Kawunsa ne ya ba shi labarin nan na 2019, lokacin da aka wayi gari ana cewa kusan naira miliyan bakwai na cinikin Sallah sun shige cikin biri, duniya ta ɗauka, har gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Na yi masa bayani, bai gamsu ba. Har muka fito yana leƙa kejin birai yana neman mai babban ciki.

A gaban zaki na tsakiyan ya daka tsalle yana ihu, "Layon! Layon!" Wani dattijo da ke kusa da mu da jikokinsa ya ce, "Yaro, ka ga manyan dawa ko?" Yaron ya dube shi bai gane ba. Na ce masa zaki ke nan. Ya ce a'a, zaki ai na cikin tatsuniyar Hajiya ne, mai yin magana, wanda Gizo ke yi wa wayo. Wannan layon ne, na littafin Anti. A kansa dabbobi biyu ne, kuma ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Haka aka yi da kura. Da ya ga tana ɗingisa ƙafar baya tana zagaye, sai ya ja baya ya riƙe rigata, domin ita kam ya san halinta tun a ɗakin Hajiya, kuma littafin Anti bai yi maganarta ba.

Auta, mai shekara biyu, bai kula kowa ba. An ɗaga shi ya ga jimina, ya kau da kai. An nuna masa kada, ya yi hamma. Ƙadangare ya gani a gindin bishiya yana gyaɗa kai, ya tsuguna a gabansa shi ma yana gyaɗa nasa, kuma da za a bar shi nan zai yini. Mun ƙona man Funtua zuwa Kano ya zo ya kalli abin da ke kan katangar gidanmu.

A hanyar dawowa, duk sun yi barci, na yi ta tunanin yadda aka yi haka. Abu mai sauƙi shi ne in ɗora wa makaranta laifi, kuma tana da nata kason. Yaro ɗan shekara uku ana hana shi Hausa a aji, a wasu wuraren har da tara, wai don bakinsa ya faɗa da Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada akasin haka a Ile-Ife tun daga 1970: aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da an janye. Tsakanin amincewar da janyewar ban ga abin da ya canza a ajin ɗana ba, don haka ba zan ɓata tawada a kai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin abin da muke kwaikwayo. Bajamushen da ya ƙago irin wannan makaranta, Friedrich Fröbel, a 1840 ya raɗa mata suna, kuma ma'anar sunan ita ce lambun yara. Wasa da waƙa da taɓa ƙasa ne ginshiƙinta, har 'yan kuyoyi ake ware wa yara su shuka abin da suke so. Ta iso mana ta zama ɗaki mai benci, da tsakar gida da aka shafe da siminti, da jarrabawar ƙarshen zango, da na ɗaya da na goma sha bakwai a tsakanin mutanen da ba su iya ɗaure wando ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda duk ɗan kudancin Katsina ya sani ba sai an faɗa masa ba. An ƙwace wa yaranmu daji. Mu da muka tashi a nan, bayan gari shi ne nazarenmu. Mun ɗana wa kurciya tarko, mun harbi ɓera da danƙo, mun sha dukan masu rake, mun ƙera motar kara mai ƙofa huɗu, mun yi langa a farin wata har sai an biyo mu da tsumagiya. A hutu a tura ka ƙauye wurin dangin uwa, ka dawo da kaushi da sunayen tsuntsaye ashirin. Yau wa zai tura ɗansa hutu ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ko Dandume da zuciya ɗaya? Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, kowace uwa a yankin nan ta ƙara ja wa ƙofarta sakata. Manya ma da dabara suke zuwa wasu gonakin, balle a ɗauki yaro. Sai muka tara su a tsakar gida, muka miƙa musu waya don su yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa guda a rana yana kallon waya ko talabijin, kuma ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. A gidana, in faɗi gaskiya, an sha juya lissafin.

Duk da haka gonata ta hanyar Bakori lafiya lau ake zuwa, kusan kullum ina can da damina. Ban taɓa ɗaukar ko ɗayansu ba. A nan ne uzurina ya ƙare.

Ni ɗan fari ne. Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai," yake cewa, ko ya ce da Hajiya, "Ina yaron nan?" Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa yaba mini ba ina ji. Alkunya ce, kuma ban taɓa ɗaukar ta ƙiyayya ba, domin mutumin da ba ya kiran sunana shi ne ke ɗora ni a bayan kekensa bayan sallar asuba. A gona ba ya surutu. Zai miƙo mini iri ya nuna rami da ƙafa. Zai tsuguna ya tona gindin dawa ya nuna mini ƙuduji tun bai fito fili ba. Zai dubi gabas ya ce mu tattara, kuma kafin mu kai gida ruwan ya sauko. A inuwar ɗorawa muke shan fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, shi ya sha ya miƙo mini. Ya san ranar da na fara iya riƙe fartanya, ya san ranar da na daina tsoron sa, ko da yake bai ce komai ba; washegari dai na ga an ƙara mini kunya biyu a rabona.

Mu 'ya'yansu mun gaji alkunyar, mun bar keken. Uba ya fita tun yara ba su tashi ba, daga kasuwa ko ofis ya zarce majalisa, a yi shayi a yi siyasa a yi ƙwallon Ingila har sha ɗayan dare, ya dawo ya tarar da su sun yi barci. In ka ce masa ya ɗauki ɗansa su zaga, sai ya ce ai wannan aikin mata ne, ko ya ce kada yaro ya raina shi. Ya biya kuɗin makaranta, ya ɗinka na Sallah, me kuma ake nema? Wanda ya ga abokinsa ɗauke da yaro a kafaɗa sai ya yi masa ba'a, wai an mallake shi. Kuma mu ne muke zama a masallaci muna jin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa, da yadda ya tsawatar wa Aƙra'u ɗan Habis lokacin da ya yi alfaharin yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Mu gyaɗa kai, mu fito, mu koma majalisa.

Ɗa namiji kuwa da ido yake koyon zama namiji. Yadda ake gaida babba, yadda ake ciniki ba a yi rantsuwa ba, yadda ake haɗiye fushi in ɗan acaɓa ya goge maka mota, yadda ake yi wa mace magana. In bai gani a wurin ubansa ba zai gani a wani wurin, kuma a bakin layi ba a rasa masu koyarwa. Muna kuka da samarin da suka fi ƙarfin iyayensu, masu shaye-shaye da ƙwacen waya, sai ka ce daga sama suka faɗo suna da shekara goma sha bakwai. Kowannensu ya taɓa zama ɗan shekara huɗu mai tambaya ɗari a yini, yana neman wanda zai amsa masa guda.

Ba sai an je Kano ba, wannan Auta ya riga ya nuna mini. Yawancin iyaye a Jabiri ko Tudun Wada ba su da rarar kuɗin mota da na shiga, kuma ba su yi asarar komai ba. Kara tana nan ranar kasuwa, da shanu da raƙuma da tumaki iri-iri. Maƙera na nan, masu gurzar masara na nan, dam ɗin Mairuwa na nan da masuntansa. Tsohuwar tashar jirgi ma abin kallo ce ga wanda bai taɓa ganin dogo ba. Abin da tafiyar Kano ta ba ni, wanda kuɗin shiga bai saya ba, shi ne awa bakwai a mota da 'ya'yana ba majalisar da zan gudu. A nan na ji cewa Abba yana tsoron wani yaro a ajinsu tun zangon bara. A nan na gane na tsakiyan yana in'ina in ya yi zumuɗi. Uwarsu ta ce ai ta gaya mini tun tuni. Mai yiwuwa ta faɗa. Ina jin ina kan waya.

Mun iso gida bayan isha'i. Da safe Hajiya ta tara su ta ce kowa ya ba ta tsarabar Kano. Abba ya ce babu goggon biri, ƙarya ake yi. Auta ya gyaɗa mata kai irin na ƙadangare. Na tsakiyan ya ce ya ga zakinta, amma ba ya magana, barci kawai yake yi. Sannan ya laluba aljihun wandon jiya ya fito da audugar nan, ta yi duƙun-duƙun, ta haɗu da ɓawon gyaɗa da takardar alawa.

Hajiya ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan tsohuwar adakarta. Ta fito da mazari, wanda ni kaina rabona da ganinsa tun ina firamare, da ɗan guntun alli a ƙulle a tsumma. Ta zauna ta cire anguryar ɗaya bayan ɗaya tana tara masa a tafin hannu, ta ce ya adana, in damina ta faɗi ubansa ya kai shi ya shuka. Ta faɗa ne ba ta dube ni ba. Ta shafa alli a yatsu, ta ja bakin audugar ta murza mazarin. Ta nemi abin da za ta ɗora shi a kai don kada ya tsere a siminti, ba ta ga tasa a kusa ba, sai Auta ya miƙo mata abin da yake ɗiban ƙasa da shi tun safe. Hular yayen ce. Ta kifa ta, ta kafa mazarin a ciki, zare ya fara fitowa, su uku suka matso har kawunansu na gwaruwa.